Jan Manifol Bayan Ɗaurin Inji Ba Alamar Sabunta Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ta shafi masu motoci da direbobin haya da kanikawa, wadda na ga tana cinye dukiyar mutane a garejojin garin Bauchi. Matsalar ita ce ta injin da aka sauke aka yi wa garambawul, aka sa masa sababbin ringi, wato zobban fistin, da metal, wato ƙarafan da shaf ɗin inji ke juyawa a kansu, da gasket, aka ɗaure shi, amma da zarar an tayar da shi sai manifol ɗin salansa, wato ƙarfen nan mai rassa da ke karɓar hayaƙi daga bakin kowace silinda ya haɗa shi cikin bututu ɗaya, ya ɗauki zafin da ya wuce kima, har ya yi ja kamar ƙarfen da ke cikin wutar maƙera. Amsar da aka saba ba mai mota ita ce wai injin sabo ne, ya yi tsauri, in ya yi 'yan kwanaki yana aiki zai saki. Na shafe shekaru ina koyar da aikin injin mota a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya, kuma ina so in faɗa a fili cewa wannan amsa ba daidai ba ce, tana kuma jawo asarar da za a iya kauce mata cikin rabin yini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami ɗan ƙanina, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Gombe da wata Golf 3 mai dogon baya. Injin motar ya daɗe yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, daga baya kuma gasket ɗin kan silinda ya ƙone masa a wajen Alkaleri. A da, mai irin wannan mota yakan sayi injin Beljiyam ya ɗora ya huta, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin inji ya fi ƙarfin direbobi da yawa, saboda haka aka koma ga sauke tsohon a gyara, kuma ina ganin wannan ne ya sa matsalar ta yawaita a 'yan shekarun nan. Yaron ya ci bashi ya sayi kayan gyara, an kai bulok, wato gangar jikin injin, wurin masu borin da ke gyara ramukan silinda, an rage fuskar kan silinda a injin gogewa domin ta daidaita, an ɗaure komai. Ranar da aka tayar da injin, bayan sallar magariba, sai ya kira ni a waya ya ce, "Baba, don Allah ka zo ka gani, salansar motar ta yi ja."

Da na isa garejin na tarar da motar tana tsaye tana silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ba a fi minti goma da tayar da ita ba, amma rassan manifol ɗin huɗu duk sun yi ja tun daga inda suka manne da kan silinda har zuwa mahaɗarsu, kuma robar wayoyin da ke kusa ta fara ƙauri. Allurar zafi da ke gaban direba kuwa tana tsakiya, inda ya kamata ta tsaya. Wannan ne ya kwantar wa bakaniken hankali. Saurayi ne mai ƙwazo wanda ban taɓa jin an ce ya ci amanar kowa ba, ya ce mini, "Malam, ai ba ta yi obahitin ba, ga allura nan ka duba, gobe zan cire tamostat in haɗa fanka kai tsaye, sai a bar ta tana silo har ta saki." Na roƙe shi ya kashe injin nan take, kada kuma kowa ya zuba wa ƙarfen ruwa.

Allurar nan zafin ruwan lagireto kawai take aunawa, ba ta da labarin abin da ke faruwa cikin bututun hayaƙi, saboda haka inji yana iya gasa manifol ɗinsa alhali ruwansa bai tafasa ba. Ƙarfe ba ya fara nuna ja, ko a cikin duhu, sai zafinsa ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyos, kuma kafin ido ya ga jan sosai da rana a inuwar rumfar gareji ya doshi digiri 700. Hayaƙin injin fetur mai lafiya da ke silo yakan fito da zafin digiri 300 zuwa 400 ne, sai an cika mota da kaya an taka totur a kan hawa sannan ya kai 800 ko fiye. Gaskiya ne cewa sababbin ringi suna goga jikin silinda fiye da tsofaffi, amma zafin wannan gugar ruwa da baƙin mai ne ke ɗauke shi, ba ya bi ta salansa. Ruwa ba ya tsami banza. Manifol da ya yi ja motar tana tsaye yana nuna ɗayan abu biyu ne: wutar da ya kamata ta gama ci a cikin silinda tana fitowa tana ci a waje, ko kuwa hayaƙin ya rasa hanyar wucewa.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, abin da kanikawa ke kira taimin, domin a iya sanina shi ne ya fi kowane dalili yawa a injin da aka gama ɗaurewa. Fetur da iskar da suka shiga silinda ba fashewa suke yi lokaci guda kamar albarushi ba. Wuta ce ke tashi daga bakin fulogi ta bazu har ta cinye abin da ke ciki, kuma tana buƙatar lokaci, alhali lokacin kaɗan ne ƙwarai: idan inji yana juyi 3,000 a minti, fistin yana saukowa daga sama zuwa ƙasa cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Shi ya sa ake kunna wutar tun kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa, a injuna da yawa masu distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogogi wuta, digiri 5 zuwa 10 kafin ya kai idan ana silo, domin ƙarfin konewar ya cika daidai lokacin da ya ɗan fara gangarowa. Idan tartsatsin ya makara, fistin ya riga ya kama hanyar ƙasa, wutar tana bin sa a baya ba ta tura shi yadda ya kamata, bawul ɗin hayaƙi kuma dama yana buɗewa ne tun kafin fistin ya kai ƙasa, sai harshen wutar ya samu ƙofa ya fita. Zafin da aka sayi fetur domin ya zama ƙarfin tafiya sai ya ƙare a jikin bawul da manifol. Irin wannan mota takan yi nauyi wajen fara tafiya, ta gaza a kan hawa, ta sha mai fiye da yadda take sha kafin a taɓa ta.

Wahalar ita ce a yawancin garejojinmu da kunne ake saita taimin. Bakanike yana sassauta distiributa, ya juya ta hagu ya juya ta dama, ya tsaya inda ya ji sautin ya yi masa daɗi. Ba na raina kunnen wanda ya yi shekara ashirin a kan inji, amma a wannan wuri kunne yana yaudara, domin injin da taimin ɗinsa ya makara yakan tashi cikin sauƙi, ya yi silo mai laushi, ba ya ƙwanƙwasa idan an taka totur, duk abubuwan da mai mota ke so ya ji a ranar da zai biya kuɗi. Akwai fitilar da aka yi domin wannan aiki, ana maƙala ta a wayar fulogi na ɗaya, tana walƙiya duk lokacin da tartsatsi ya fita, sai a haska alamar da ke jikin fuli ko filawil a ga digiri nawa ake kai. Aikin minti biyar ne, kuma adadin da ya dace yana cikin littafin motar, wani lokaci ma yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet.

Kafin a kai ga fitilar ma, dole a tabbatar an ɗaura taimin bel ko sarƙa a kan alamominsa, tun da shi ne ke haɗa karanshaf, wato shaf ɗin da fistin ke juyawa, da kamshaf mai buɗe bawuloli. Kamshaf yana juyi ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya yi biyu, kuma kuskuren haƙori ɗaya ba ƙarami ba ne: idan giyar karanshaf tana da haƙora 20, tsallake ɗaya ya kai digiri 18. Injin zai tashi, zai yi tafiya, amma bawuloli suna buɗewa suna rufewa ba a kan lokacinsu ba, idan kuma kuskuren ya ƙaru, a injuna da yawa fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi. A injin Volkswagen mai bawul takwas, irin na Golf 2 da Golf 3 da suka cika tashoshinmu, akwai wani shaf na uku a tsakiya wanda bel ɗin ke juyawa, shi kuma yana juya distiributa da famfon baƙin mai, kuma shi ma yana da tasa alamar wadda yaran gareji kan manta da ita. Ƙa'idar ita ce bayan an ja bel an ɗaure shi, a juya injin da hannu sau biyu cif, a sake duba ko alamomin duka sun dawo wurinsu. Tun ran gini ran zane.

Motocin da ba su da distiributa, irin su Corolla da Camry da Accord na baya-bayan nan da Peugeot 406, kwamfutar motar ce, wadda ake kira birenbos, ke yanke lokacin tartsatsi bisa abin da sensar karanshaf da sauran sensoshi suka gaya mata. A nan ba abin da za a juya da hannu, amma idan sarƙa ta tsallake, na'urar binciken kwamfuta takan nuna lamba P0016 a motocin da suka san wannan lamba, idan kuma sensar da ke sauraren ƙwanƙwasar inji ba a ɗaure ta daidai ba, ko wani ƙarfe da aka bari a sake yana bugun bulok, kwamfutar na iya ɗauka injin ne ke ƙwanƙwasa ta janye taimin da kanta.

Akwai wani abu da ban cika jin ana ambata ba, shi ne illar rage fuskar kan silinda. Duk lokacin da gasket ya ƙone akan kai kan silinda a goge, kuma wanda ya sha wannan aiki sau biyu ko uku ya rage kauri sosai. Ɗakin konewa ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, sannan a injin da kamshaf ke sama tazarar da ke tsakaninsa da karanshaf ta ragu, abin da ke sa lokacin bawul ya ɗan koma baya. Ƙarin matsin, idan ya haɗu da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu lokacin da ma'auni ke kai wa digiri 40, ya kuma haɗu da fetur ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Bakanike kuma, da kyakkyawar niyya, sai ya janye distiributa baya har ƙarar ta ɗauke. Ƙarar ta tafi, amma an sayi shirun da jan manifol. Maganin na gaskiya shi ne a auna kaurin kan silinda kafin a ɗaure, a sa gasket mai kauri idan masu injin sun tanadi irinsa, ko a nemi wani kan idan wannan ya wuce iyakar da aka yarda.

Dalili na biyu shi ne rashin daidaito tsakanin iska da fetur. Injin fetur yana son kusan awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai, idan an auna da nauyi. Idan man ya yi kaɗan iskar ta yi yawa, wutar tana tafiya a hankali, sai a koma gidan jiya, wato bawul ya buɗe ba ta gama ci ba. Injin da aka sauke kuwa yana da ƙofofin ɓarauniyar iska da yawa: gasket ɗin manifol ɗin shigar iska da aka mayar da tsohonsa aka shafa masa gam, ƙananan tiyo da suka bushe suka tsage lokacin cirewa, wani bakin bututu da aka manta a buɗe, ko tiyon da ke zuwa tukunyar birki. A Golf mai nozul ɗaya a sama akwai wata roba mai kauri da ke ƙarƙashin kan nozul ɗin, tsagewarta sananniyar cuta ce a wannan mota. Ta ɓangaren mai kuma, motar da ta yi makonni a gareji nozul ɗinta kan toshe, famfon mai kan yi rauni, matatar mai kan cika da datti, sensar da ke auna iska kuma ƙurar hunturu kan rufe ta ta riƙa ba da lissafin da bai kai ba. A na'urar bincike wannan yakan fito da lamba P0171, ko a ga kwamfutar tana ƙara mai fiye da kashi 10 cikin ɗari domin ta cike giɓi. Wanda ba shi da na'ura ya kwance fulogi ya duba bakinsa: fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi mai tokar hayaƙi alamar yawansa, launin ƙasa-ƙasa shi ake nema.

Yawan mai ma yana kawo ja, amma ta wata hanya dabam. Idan wata silinda ba ta kamawa, saboda fulogi ya mutu ko koyil ya lalace ko an sarƙe wayoyin fulogi, wanda jerinsu a yawancin injuna masu silinda huɗu shi ne 1, 3, 4, 2, ɗanyen fetur da iska suna fita cikin salansa su kama wuta a can. Haka nan idan gasket ɗin manifol ɗin hayaƙi yana yoyo kafin hayaƙin ya kai ga sensar iskar oksijin, iskar waje tana shiga, sensar ta ba da rahoton cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara, abin da ya rage ya ƙone a bututu.

Sai batun tazarar bawul, wato ɗan giɓin da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke kusan kashi uku cikin huɗu na zafinsa ne ta wurin zamansa, a ɗan lokacin da yake rufe. Idan an goge mazaunin bawul lokacin gyara, bawul ɗin yana ƙara nutsewa ciki, tazararsa ta ragu, da ya yi zafi ya miƙe sai ya kasa rufewa ruf, wuta ta riƙa zurarewa ta gefensa har ta cinye bakinsa. Injin Peugeot 504 da injunan Honda da yawa ana saita su da noti da ma'aunin tazara, wasu injunan Toyota da 'yan faifan ƙarfe ake daidaita su, masu tafet na mai kuma suna daidaita kansu muddin ba a wuce iyaka wajen gugar ba. Gwajin matsin silinda yana tona wannan, domin bai kamata bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba.

Na ƙarshe shi ne toshewar hanyar hayaƙi. Injin da aka sauke saboda shan baƙin mai ya yi watanni yana tura wannan man da ruwan gasket cikin matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, ramukanta sun toshe ko sun narke, sai a ɗaure sabon inji a jona shi da tsohuwar salansa ba a duba ba. Wani lokaci ma tsumman da aka cusa a bakin bututu don kada ƙasa ta shiga ne aka manta da shi. Na san da yawa za su ce a fasa indomin a zubar, musamman da yake akwai masu sayenta saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da ke cikinta, amma bai kamata a yanke mata hukunci ba sai an gwada, ko da ta hanyar cire sensar oksijin na ɗan lokaci a ga ko injin ya samu numfashi. Idan ba ita ce ba, an yi asararta kuma jan yana nan.

Yadda jan ya kwanta a jikin ƙarfen yana rage wa mai bincike rabin aiki, shi ya sa nake son a duba da almuru ko a cikin inuwa. Idan reshe ɗaya ne ya yi ja, laifin yana cikin wannan silindar, a bawul ɗinta ko nozul ɗinta ko yoyon iska a gefenta. Idan duka rassan ne tun daga bakin kan silinda, a nemi abin da ya haɗa su, wato taimin ko ƙarancin mai gaba ɗaya. Idan kuwa rassan suna da duhu amma mahaɗa da indomi ne suka yi ja, ɗanyen mai ne ke ci a can ko hanya ta toshe. Ma'aunin zafi mai haske da ake nuna wa abu daga nesa yana taimakawa, amma ba irin wanda aka riƙa nuna wa goshin mutane a lokacin korona a 2020 ba, domin wancan zafin jikin mutum aka yi shi ya auna, sai an samu na masana'anta. Akwai kuma agogon auna zuƙar iska, tsohon kayan aiki mai araha da aka yi watsi da shi. Inji mai lafiya a bakin teku yana nuna inci 17 zuwa 21 allurar tana tsaye cak, kuma ana rage kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, saboda haka a Bauchi, da ke kan tudun sama da mita 600, a rage kusan biyu, a Jos a rage kusan huɗu. Allura da ta tsaya ƙasa ba ta rawa tana nuna makarar taimin ko yoyon iska, wadda ke tsalle tana nuna bawul, wadda kuma ke sauka a hankali idan an riƙe totur tana nuna toshewar salansa.

Cire tamostat, wato abin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗauki zafi, da haɗa fanka kai tsaye, waɗanda su ne maganin da aka fi rubuta wa kowace irin cutar zafi a garejojinmu, barin jaki ne ana dukan taiki. Ba su taɓa wutar da ke cikin manifol ko kaɗan, sai ma su hana injin kai zafin da aka tsara masa, kusan digiri 80 zuwa 90, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai kamar da sanyin safiya, man ya wanke jikin silinda, sababbin ringin su kasa zama. Zuba ruwa a kan jan ƙarfen zubi yana tsaga shi. Jefar da kwanon kariyar da ke rufe manifol, da sunan wai ya sha iska, yana barin wayoyi da tiyon mai da sitata a gaban wuta, kuma motar da ke ɗauke da irin wannan zafi idan ta tsaya a kan busasshiyar ciyawa da rani tana iya tayar da gobara. Al'adar barin sabon inji yana silo awa da awanni ita ma ina ganin ya kamata a sake mata tunani, domin ringi suna zama ne idan injin yana ja yana saki a kan hanya da matsakaicin kaya, ba a tsaye wuri ɗaya inda iska ba ta ratsa shi ba. A yi kilomita 800 zuwa 1,000 na farko a hankali, ba lodi mai nauyi, ba tsayawa a kan gudu ɗaya, sannan a yi juye. Motar da aka mayar mai amfani da iskar gas kuma a fara tayar da ita da fetur a daidaita komai tukuna, domin gas yana ci a hankali fiye da fetur kuma yana son tartsatsi ya zo da wuri.

Ba kowane zafi ba ne abin tsoro. Hayaƙin fenti da maiƙon hannu da ke tashi daga manifol a mintocin farko ba komai ba ne, bututun ƙarfe marar tsatsa yakan canza launi zuwa ruwan zuma ko shuɗi, kuma siririn bututu yana iya nuna ɗan ja a cikin duhu bayan an hau tudun Jos da cikakken kaya. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne ja a silo, ko a tafiyar cikin gari daga Wunti zuwa Yelwa.

Mu koma kan motar ɗan ƙanina: washegari muka aro fitilar taimin daga wani tsohon abokin aikina. Alamomin bel suna daidai, amma tartsatsin yana zuwa ne bayan fistin ya wuce ƙarshen hawansa. Da na tambayi bakaniken, ya ce injin ya riƙa ƙwanƙwasa ne da aka fara gwada shi, shi ya sa ya janye. Muka bi sawun ƙwanƙwasar, sai ga robar nan ta ƙarƙashin nozul a tsage ta baya inda ido ba ya gani, ga kuma kan silinda da aka rage. An canza robar, an mayar da taimin inda littafin motar ya ce bisa hanyar da ya shimfiɗa, injin ya yi rabin awa yana aiki da daddare ƙarfen bai canza launi ba. Amma daren farko ya riga ya bar tabonsa, domin manifol ɗin ya tsage tsakanin reshe na biyu da na uku, dole aka sayi wani, yaron kuma ya ƙara kwana huɗu bai fita aiki ba alhali mai bashi yana jira.

Ba na rubuta wannan don in zubar da mutuncin kanikawanmu ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mutanen da ke riƙe da motoci masu shekara talatin a kan hanya da kayan aiki kaɗan sun cancanci yabo. Roƙona ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a Bauchi da Gombe shi ne kowane rukunin garejoji ya haɗa kuɗi ya mallaki fitilar taimin ɗaya, da agogon zuƙar iska, da ma'aunin matsin silinda, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a riƙa aro ana mayarwa. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali suna da sassan injiniya da za su iya shirya wa yaran gareji bita ta kwana biyu da Hausa a kan amfani da waɗannan kaya, kuma garin da ya taɓa haɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr bai rasa dattawan da suka yi aiki da ma'auni waɗanda za su koyar ba. Mai mota kuma, kafin ya biya cikon kuɗin ɗaurin inji, ya nemi a nuna masa alamar taimin a ƙarƙashin fitila, ya tsaya har duhu ya shiga, a buɗe bonet injin yana aiki ya duba manifol ɗin da idonsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin koyar da gyaran mota,
Unguwar Jahun, Bauchi.